Allon Bakin Ƙofa

A bakin ƙofar matatar man gyaɗa, hanyar fita Maraɗi,
akwai baƙin allo, da guntun alli a leda.
Kullum safe Shef Lawali zai goge jiya da tafin hannu,
ya rubuta yau:
kwana ɗari biyu da tamanin da shida,
ba wanda ya ji ciwo.

Ran da ta cika ɗari uku, in ji shi,
kowa buhun shinkafa da jikka goma,
a yi hoto a aika wa masu kamfani Yamai.

Ran nan bel ɗin injin matsa ya ja mini manuniya.
Ban yi ihu ba.
Na dubi Ma'azu, Ma'azu ya dubi allo.
Matarsa wata takwas gare ta,
shinkafar nan tuni ya ci bashinta wurin mai shago.
Na naɗe hannun da tsumman goge mai,
na cusa shi aljihu kamar kayan sata.
Da dare a Bagalam ƙanwata ta tsiyaya mini ruwan gishiri,
na ciji bakin tabarma.
Gari ya waye, alli ya ce: da bakwai.

Mun ci shinkafar.
Ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.
Sai dai yatsan ya ƙi lanƙwasa,
in na zauna tahiya ya tashi,
in na yi sallama ma yana tsaye.

Daga baya na ga ƙunar tururi a haƙarƙarin Tsahiru,
na ji tarin da Iliyasu ke kaiwa bayan sito ya yi.
Ashe allon nan ba lafiyarmu yake ƙirgawa ba,
shirunmu yake ƙirgawa.

Bayan kaka aka kawo Madam Zuwaira.
Takalmin aiki irin namu ne a ƙafarta, har da maiƙo.
Tana raba safar hannu ta ga tawa ta ƙi shiga.
Ta ce, yaushe?
Na faɗa mata.
Ta buɗe rajista, ta bi ranar da biro:
shafin fari fat.
Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon shafin,
sannan ta fita da kanta ta ciro allon daga ƙusa,
ta juya shi, ta rubuta a bayansa:
wa ya hango abin da zai cuce mu?

Sati uku ba suna ko ɗaya.
Wa zai fara?

Sai wata Laraba, motoci biyar na jiran lodi,
Tsahiru ya ji wata ƙara da ba ta cikin ƙarar da ya sani,
ya danna jan maɓalli.
Komai ya tsaya. Har numfashinmu muna ji.
Muka ce shi ke nan, ya kori kansa.
Awa uku ana kwance inji,
aka tarar da noti guda ya kusa fita.
Ta tara mu a rana, ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.
Wata na gaba ya sake dannawa, ba a ga komai ba.
Ta sake rubuta sunansa.
Wannan na biyun ne ya sa muka yarda da ita.

Ma'azu ya yi gunaguni, wai suna a allo ba ya shiga tukunya.
Maganar ta kai mata.
Ta yi dariya, ta ce yana da gaskiya,
shinkafa ta dawo, amma yanzu mai magana take bi.

Jiya aka ɗauki sabon yaro daga Tibiri, Harisu,
aka ce in zagaya da shi.
Na kai shi gaban injin matsa,
na ɗaga hannun dama.
Yatsan da ba ya riƙe loma da kyau
ya miƙe sak, ya nuna masa jan maɓallin.